Kifin da Ke Ƙarƙashin Sitika: Yadda Ake Sayar da Mota da Sunan Addini

Bara, bayan an kwashe shinkafar rani, Baffana ya sayar da buhu arba'in da bijimai biyu, ya haɗa da ɗan abin da ya daɗe yana ajiyewa, ya ce shi ma zai sayi mota. Niyyarsa ya sa ta haya tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, ranar kasuwa kuma ta leƙa Jega. Kuɗin makarantata da na ƙannena biyu duk a kan wannan lissafin aka ɗora su. Da yake ni ne ɗan bokon gidanmu a Maruda, sai ya ce in raka shi don in karanta masa takardu.

Muka isa wurin wani dillali. Ya nuna mana wata Golf mai ruwan toka, an wanke ta tas. Ga carbi yana lilo a jikin madubi, ga faffaɗar sitika a bayan but an rubuta Masha Allah. Baffa bai taɓa zuwa Makka ba, amma tun daga nesa dillalin nan ya naɗa shi Alhaji.

"Alhaji, wagga mota ta wani liman ce," in ji shi. "Daga gida sai masallaci, daga masallaci sai gida. Wallahi tallahi ko ruwa ba ta sha."

Na matsa kusa na ce a hankali, "Baffa, da mun kira makanike ya duba mana injin."

Ya harare ni. "Kai ɗan nan, mutum ya rantse da Allah, kuma mi kaka so?"

Na ja bakina na yi shiru. Aka ƙirga kuɗi, aka shafa fatiha.

Sati biyar ta yi tana aiki. Ran nan, cike da fasinja, ta tsaya cak kusa da Kalgo, hayaƙi na tashi. Makaniken da ya buɗe ta ya ce gaskit ya ƙone, lagireto faci ne a kan faci, mita kuma an mayar da ita baya. Ya ce motar nan ta sha wuya a hannun 'yan haya kafin ta zo hannunmu. Tana nan a gareji rana ta ɗaga gefen sitikar nan ta baya, na sa farce na ƙarasa ɓare ta. A ƙarƙashinta sai ga hoton ɗan ƙaramin kifi manne a jikin ƙarfen.

Da na dawo makaranta na nuna wa abokin ɗakina, ɗan Zuru, Kirista, hoton a waya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce alamar Kiristoci ce tun zamanin farko, domin baƙaƙen kalmar kifi a harshen Girka su ne farkon kalmomin wata jimla ta shaidar imaninsu, kuma har gobe masu mota a Turai da Amurka suna manna ta. Watau mai motar na asali, can inda ta fito, Kirista ne mai son addininsa. Sai ya ƙara da cewa, "Mu ma fa haka ake mana. Mu ce mana ake yi motar fasto ce, ranar Lahadi kaɗai take fita."

Ba kifin ne ya ɓata injin ba, ba kuma sitikar ba ce. Amma dillali ya san kifi zai ɓata masa labarin liman, shi ya sa ya rufe shi. Wannan abu ne ya sa da aka ce mu zaɓi batun furojet a sashenmu na kasuwanci, na zaɓi addini a cikin tallar mota. Da na shiga karatu sai na tarar dillalinmu ƙaramin alhaki ne. Manyan kamfanonin ƙera motoci sun daɗe a kan wannan hanya, kuma mafi yawan misalan da suka yi fice da addinin Kirista aka yi su, saboda nan ne manyan kasuwanninsu suke.

Me ya sa dabarar take ci?

A 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 2001. Maganarsa mai sauƙi ce. Mai sayarwa ya san cikin motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba ya iya bambance lafiyayya da marar lafiya da ido, dole ya nemi wata alama da zai dogara da ita. A ƙasashen da doka ke aiki, alamar ita ce garanti da takardar tarihin gyara. Inda babu waɗannan, mutum sai ya koma kallon mai sayarwa: shin mai tsoron Allah ne? A nan carbi da sitika da rantsuwa suke shigowa. Suna cike gurbin takardar da ba a ba ka ba.

Sabuwar mota kuwa matsalarta daban. Motocin da ke aji ɗaya, farashi ɗaya, kusan duk aikinsu ɗaya ne. In kamfani ya tsaya yana lissafin ƙarfin inji da shan mai, abokin hamayyarsa zai kawo irin lissafin. Saboda haka sai ya nemi abin da zai sa ka ji cewa motar nan ta mutanenku ce. Babu kuwa abin da ke haɗa mutane su ji su 'yan gida ɗaya ne kamar addini.

Akwai kuma abu na uku, wanda na gani da idona ranar da Baffa ya harare ni. Da zarar an ambaci Allah a cikin ciniki, tambaya takan zama kamar rashin kunya. Wanda ya ce a buɗe bonet sai ya ji kamar ya ƙaryata rantsuwa.

Manomi, wa'azi da ƙaramar majami'a

A Amurka akwai wasan ƙarshe na ƙwallonsu da ake kira Super Bowl, wanda mutum sama da miliyan 100 ke kallo a talabijin. A 2013 tallar daƙiƙa 30 a lokacin wasan ta kai kusan dala miliyan 4. A shekarar ne kamfanin Ram, masu ƙera a-kori-kura, suka sayi minti biyu cur. Ba su nuna gudu ba, ba su faɗi farashi ba. Hotuna kawai suka jera: gonaki, shanu, wata majami'ar ƙauye, hannayen manomi da suka yi kanta, iyali sun sunkuyar da kai suna addu'a kafin cin abinci. A bayan hotunan kuma muryar wani shahararren ɗan rediyo ce, Paul Harvey, wanda ya rasu tun 2009, daga jawabin da ya yi wa taron matasan manoma a 1978. Jawabin ya ari salon labarin halitta na Littafi Mai Tsarki, yana cewa bayan an gama halitta Ubangiji ya so mai kula da ƙasa, sai ya yi manomi.

Ni ɗan manomi ne, kuma da na kalle ta a waya sai da tsigar jikina ta tashi, duk da ba addinina ba ne, ba kuma ƙasata ba. Daga baya na tambayi kaina: me na koya game da motar? Ko ɗaya. Abin da aka yi shi ne an ɗauko girman da mutane ke ba noma da girman da suke ba Mahalicci, aka jingina mota a jikinsu.

Da suka ga ta karɓu, a 2018 suka sake gwadawa. Wannan karon suka ɗauko muryar Martin Luther King, limamin cocin nan da ya jagoranci gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, daga wa'azin da ya yi a cocin Ebenezer da ke Atlanta ranar 4 ga Fabrairu, 1968, wata biyu kafin a kashe shi. An nuna tallar ranar da wa'azin ya cika shekara 50 daidai. Sashen da suka yanko yana magana ne a kan cewa girma na gaskiya yana cikin yi wa mutane hidima. Kafin gari ya waye mutane suka nemo cikakken wa'azin. Ashe a cikinsa King ya yi kashedi da masu talla, yadda suke hure wa mutum kunne ya sayi motar da ta fi ƙarfin albashinsa don maƙwabta su yi hassada. Har sunan Chrysler ya kama, ga shi kuwa a lokacin Ram na ƙarƙashin Fiat Chrysler ne. Masu kula da haƙƙin rubuce-rubucensa sun ba da izini, amma 'yarsa Bernice King da cibiyar da ke ɗauke da sunansa suka fito suka ce ba da yawunsu ba. Kun ga an yanka wa'azin mutum an sayar da abin da ya hana.

A 2021 Jeep suka kawo mawaƙi Bruce Springsteen, suka kai shi wata 'yar ƙaramar majami'a kusa da garin Lebanon a jihar Kansas, wurin da ake ɗauka shi ne tsakiyar ƙasar. Amurka ta fito daga zaɓe mai zafi, tallar kuma tana kiran mutane su haɗu a tsakiya. A cikin majami'ar an nuna gicciye a kan taswirar Amurka. Wasu sun ji daɗi. Wasu kuma, Yahudawa da Musulmi da waɗanda ba su bin kowane addini, suka ce to mu ina wurinmu a wannan tsakiyar? Tun kafin nan, a 2002, Chevrolet sun ɗauki nauyin rangadin waƙoƙin bishara da wa'azi a birane 16, aka yi ta irin wannan muhawara. Duk kamfanin da ya sa rigar wani addini ya san akwai masu sayen da zai bari a waje. Ya yi lissafi ne ya ga waɗanda zai jawo sun fi yawa.

Motar Fafaroma

Tsohuwar hanya kuma ita ce kyauta. A 1930 Mercedes-Benz suka ba Fafaroma Pius na 11 wata mota ƙirar Nürburg 460, kuma tun daga nan suke cikin masu kai wa fadar Vatican motoci. A Disamba 2024 suka miƙa wa Fafaroma Francis wata G-Class mai amfani da lantarki. Ku yi lissafin da kanku. Mabiya ɗariƙar Katolika sun haura biliyan ɗaya. Duk inda shugabansu ya fita kyamarorin duniya na kansa, tambarin motar kuma na gaba. Wace talla ce za ta saya maka wannan?

Abin sha'awa, Francis ya gane wasan, ya kuma juya shi. A 2013 ya ce ransa na ɓaci in ya ga limamin coci cikin mota sabuwar yayi. A Koriya ta Kudu a 2014 ƙaramar Kia Soul ya shiga, a Amurka a 2015 ya shiga 'yar Fiat 500L, ana ganinta tsamo-tsamo a tsakiyar manyan motocin jami'an tsaro. Da Lamborghini suka ba shi Huracán a 2017, sa hannu ya yi a jikinta ya ce a yi gwanjonta. An sayar da ita yuro 715,000 a 2018, aka raba kuɗin ga ayyukan jinƙai. Amma ku lura, ko a hakan ma kamfanonin ba su yi asara ba. Fiat da Kia sun samu suna, Lamborghini kuma ta shiga labaran duniya sau biyu, ranar kyauta da ranar gwanjo.

In reshe ya juye da mujiya

Wani lokaci kamfani ba girmama addinin yake yi ba, wasa yake da shi don a yi magana. A 1998 Volkswagen suka fitar da sabuwar Golf a Faransa, ƙanwar irin tamu ta Baffa, suka cika tituna da allunan da ke kwaikwayon hoton jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa, da kalaman da aka murɗa suka koma yabon mota. Bishop-bishop na Faransa suka kai ƙara kotu. Kamfanin ya sauke allunan, aka sasanta, aka ba ƙungiyar agaji ta Secours Catholique gudummawa.

Mu ma a nan gida mun ga irinta, ko da yake ba a mota ba. A Istar 2022 bankin Sterling ya fitar da saƙon da ya kwatanta tashin Yesu da kumburin burodin Agege. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir, bankin ya ba da haƙuri. A 2023 masu madarar Peak suka yi makamancin haka da Juma'ar da Kiristoci ke juyayi, su ma suka janye suka nemi afuwa. Na tambayi abokin ɗakina yadda ya ji. Ya ce, "Yadda za ka ji in aka ɗauki ayar da kake sallah da ita aka yi tallar omo." Ban ƙara tambaya ba.

To mu fa?

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai matsalar Kiristoci ce. A Nuwamba 2007 kamfanin Proton na Malesiya ya ba da sanarwar cewa ana shirin haɗa kai da Iran da Turkiyya a ƙera abin da aka kira motar Musulunci. Da aka tambayi me zai bambanta ta, sai aka ji: na'urar nuna alƙibla, da wurin ajiye Alƙur'ani da ɗankwali. Inji, birki, giya, duk irin na kowa ne. Har yau ba mu gan ta a kasuwa ba. Kowace shekara kuma in azumi ya kama, dillalan motoci a ƙasashen Larabawa sukan cika allo da jinjirin wata da fitilu da rangwamen Ramadan. Kai, har sunan Mazda, kamfanin da kansa ya ce ya haɗa sunan wanda ya kafa shi, Matsuda, da Ahura Mazda, abin bautar tsohon addinin Farisa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kano. A zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau aka kafa shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, sunan da aka ɗauko daga kiran da liman ke yi kafin ya tayar da sallah. A 2005, da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, gwamnati ta kawo kekuna masu ƙafa uku don mata su samu abin hawa. Sai sunan shirin ya bi keken. Yau keken da aka ƙera a Indiya, wanda mu a nan muke ce wa Keke Napep, a Kano sunansa kalmar masallaci ce, maza da mata kuma kowa na shiga. Ba kamfanin ne ya raɗa sunan ba, amma babu mai tallar da ba zai yi fatan samun irinsa ba.

A nan dole in raba abu biyu, don kada a ce na yi kuɗin goro. Ku tsaya a tasha ku karanta bayan manyan motoci da kekuna da babura: Allah Ya kiyaye hanya, Hasbunallahu, Haƙuri maganin zaman duniya, Rabo na Allah. Na 'yan kudu kuma da lambobin Zabura. Direban da ya rubuta wannan ba sayar maka da komai yake yi ba. Mutum ne da ke kwana a kan hanyar da ta ci 'yan uwansa, yana neman tsari. Haka shi ma Baturen da ya manna kifi a motarsa, imaninsa yake nunawa. Matsala tana farawa ne ranar da mai sayarwa ya ɗauko wannan alamar ya ajiye ta a inda ya kamata bayani ya zauna.

Haka kuma akwai inda addini yake taɓa cinikin da gaske. Tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, mutum na iya sayen mota ko babur ta hanyar murabaha: banki ya sayi abin, ya sayar maka da ribar da aka faɗa tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. A nan addini ya canza yadda yarjejeniyar take, kuma kana iya karanta takarda ka gani ko an bi ƙa'ida. Duk da haka ka tambayi jimillar abin da za ka biya, ka kwatanta da farashin kasuwa. Sunan Larabci ba ya hana kaya tsada.

Dokin jiya, motar yau

Mu mutanen Gwandu bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan garin, ana tsakiyar jihadi ya ɓata rai da abin da ya ga wasu abokan tafiya sun koma. A cikin Tazyinul Waraƙati ya koka da yadda burinsu ya juya ga mulki da tufafin alfarma da dawakin hawan gari, duk a ƙarƙashin tutar addini. Abin ya dame shi har ya kama hanya da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkami. Dokin wancan zamani shi ne motar yau. Abin da King ya yi wa'azi a kai a Atlanta, Malam Abdullahi ya riga shi gani da fiye da shekara 150: abin hawa na nuna isa, mutane kuma suna son su lulluɓe son isar da mayafin ibada.

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa yawan rantsuwa a ciniki yana sa kaya su fita amma yana kwashe albarka, kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Abokin ɗakina ya ce su ma an koya musu kada a kama sunan Ubangiji a banza, an kuma ba su labarin yadda Yesu ya kori 'yan kasuwa daga haikali. Ashe duka addinan biyu ba su goyi bayan dillalinmu ba. Ni da na ce a kira makanike, ni ne na fi kusa da abin da malamai suka faɗa, amma ni ne na ji kunya na yi shiru.

Abin da zan ba ku shawara

Da yawanmu da an gama difloma, ko an dawo daga hidimar ƙasa, abin da za mu fara nema shi ne Boxer ko Keke ko 'yar tsohuwar mota ta neman abinci. Wasunmu kuma, kamar ni, za a ja su rakiya don sun iya karatu. Ga abin da na koya da kuɗin Baffa.

Ka je da makanikenka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A zaro sandar baƙin mai a duba, a buɗe murfin lagireto. In ka ga mai ya haɗu da ruwa ya yi kalar shayi da madara, gaskit ne, ka yi gaba. A duba kalar hayaƙin salansa. Kada ka yarda da mita kaɗai, ka dubi yadda sitiyari da robar feda da kujerar direba suka cinye, su ba a mayar da su baya. Ka kwatanta lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke takarda, ka kuma tabbatar da takardun kwastan, musamman mu da ke kusa da iyakar Kamba, tunda a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa sharaɗin mayarwa in wani aibi ya fito cikin kwanakin da kuka amince. In aka ce maka motar liman ce, ka ce Allah Ya saka wa liman da alheri, a buɗe bonet.

In talla ce a waya ko talabijin, akwai gwajin da nake yi yanzu. Ina cire addinin a zuciyata, in ga me ya rage. In ya rage farashi, garanti, inda ake samun kayan gyara, to tallar tana da abin faɗa. In ba abin da ya rage sai tambari, to ba mota aka nuna mini ba, zuciyata aka taɓa don hannuna ya shiga aljihu.

Ku kuma 'yan ajinmu da za su shiga harkar talla, wata rana wani oga zai ce a sa aya a fosta, ko a yi wasa da Ista ko Sallah don a ja hankali. Ku tuna akwai hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, da ke tace talla kafin ta fita. Ku tuna kuma a ƙasar nan kalma ɗaya a kan addini ta sha jawo asarar rayuka. Taya abokan ciniki murnar Sallah ko Kirsimeti ba laifi ba ne, zumunci ne. Amma kafin ku sa sunan Allah a jikin kaya, ku tambayi kanku ko za ku iya tsayawa gaban wanda ya saya bayan sati biyar.

Baffa ya koma wurin dillalin sau uku. A na ukun mutumin ya ce masa, "Alhaji, ai ƙaddara ce, ka ɗauki haƙuri." Babu takarda, babu shaida sai ni. Ya sake sayar da buhu goma sha biyu aka sa wani injin, wannan ne ya sa rajistata ta samistar farko ta makara har sai da aka ci ni tara. Motar tana kan hanya yanzu. In kun ga wata Golf mai ruwan toka a tashar Gwandu da ɗan kifi a bayanta, ita ce. Na ce masa in cire, ya ce a bar shi, mai kifin bai cuce shi da komai ba. Ranar da za a sayi injin kuwa, tun asuba ya aiko a tashe ni, ya ce, "Ɗan nan, tashi ka kira makaniken nan naka."